Aljihu Mai Ɗinki Huɗu: Yadda Za Ka Tsere wa 'Yan Sane a Ƙasar Mutane

"Duka huɗun?" in ji Kawu, allura a bakinsa.

"Duka huɗun, Kawu. Kada ka bar ko inda iska za ta bi."

"Sarkin Karatu, shekarata talatin a kan keken nan. Aljihu gefe uku ake ɗinke masa."

"Wancan aljihun waɗanda ba su yi bincike ba ne."

Kawu ya zare allurar daga bakinsa, ya dube ni ta saman tabarau irin duban da yake yi wa yadin da ya zuba a wankin farko, ya ce, "To. Kwat ɗinka ce." Ya taka keke. Ƙara huɗu na ji, ɗaya bayan ɗaya.

Ya kai ɗan'uwana da ke zaune a ƙasar mutane, kai da kullum kake shiga cunkoson tasha zuciyarka na dukan uku-uku, kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, babu ɗan sanen da uwarsa ta haifa da zai taɓa abin da ka ɓoye. Ba wai-wai nake faɗa maka ba, a jikina na gwada. Abin da na ɓoye, har yau da nake rubutun nan, hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba. Har da nawa.

Mataki na 1: Ka fara sanin abin da kake tsaro

Jahili kuɗi yake tsaro. Mai ɗan ilimi fasfo yake tsaro. Amma wanda ya sha littattafai ya san kuɗi ana sake samu, fasfo ana sake bugawa bayan an gama wulaƙanta ka a layi, abin da ba a sake samu shi ne abin da zuciya ta zubar a kan takarda.

Ni abin da nake tsaro wasiƙa ce. Shafi tara.

Ta Mai Magani ce. Haka nake kiranta, don a kantin magani na bakin babbar tasha take aiki. Wata takwas da suka wuce na shiga neman maganin mura, ina ta murɗa harshena da yaren mutanen garin, sai na ji daga bayan kanta an ce da Hausa, "Malam, faɗi abin da ke damunka kawai, kafin ka karya harshen." Na ɗaga kai. Ɗan'uwa, ka taɓa jin an kira ka da muryar gida a inda ko tsuntsu bai san ka ba? Tun daga ranar nake zarya kantin nan. Maganin tari, filasta, auduga, man ƙurji, har da abin awon zafin jiki guda biyu. Kawu ya ce da abin da ke cikin durowata za mu iya buɗe musu reshe. Ita kuwa ta raɗa mini Mai Mura. A wata takwas ɗin nan, abin da bakina ya iya furtawa bai wuce "ina gajiya" da "a ba ni na kwalba" ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ranar Asabar za ta koma wani gari, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, inda Yayanta yake, ta samu aiki a asibiti. Kuma Yayan nan yana da wani aboki likitan haƙori, mai mota, mai fararen haƙora kamar an jera su da tsari, wanda na ji tana ambata sau biyu. In ta tafi ba ta karanta wasiƙata ba, shi ke nan, an yi babu ni. Saboda haka na ƙudura ranar Litinin in kai mata hannu da hannu a tasha, inda take jiran jirgin komawa gida na ƙarfe biyar na yamma, daidai lokacin da duk ma'aikatan garin ke ɓarkowa kamar an fasa gidan tururuwa.

Kai ma ka nemi naka abin. In ba ka da abin da rashinsa zai kwantar da kai, ajiye takardar nan ka je a yi maka sane, ba ka da asara.

Mataki na 2: Ka daina kama da baƙo

Ɗan sane ba aljihu yake fara karantawa ba, fuska yake karantawa. Baƙo yana ɗaga kai ya kalli dogon gini. Baƙo yana tsayawa a tsakiyar hanya ya karanta allo yana motsa leɓe. Baƙo yana yi wa mutane murmushi babu gaira babu dalili. Duk ka daina.

Ka ɗaure fuska. Ka yi tafiya kamar wanda garin ya yi wa laifi bai ba shi haƙuri ba. Ka runtse ido kaɗan, ka ɗan cije haƙora, ka riƙa huci ta hanci. Kada ka yarda ka fita da wannan fuska ba ka gwada ta a madubi ba. Ni a dogon madubin shagon Kawu na yi atisaye, kwana uku, daga bakin ƙofa zuwa teburin yanka in dawo. A rana ta uku wata mata da ta kawo a rage mata tsawon labule ta ja jakarta ta rungume. Ka ga alamar nasara ke nan.

Kawu dai bai gane ba. Cewa ya yi, "In ciki ne ke murɗa maka, ga bayi can, kada ka kore mini mutane."

Masu hikima sun ce, kura ba ta cin wanda ya fi ta muni. Ban san wane mai hikima ba ne, amma da bai faɗa ba, da ya kamata ya faɗa.

Mataki na 3: Ka nemi tela, in da hali ya zama kawunka

Bari in jera maka aljihuna bisa darajarsu. Aljihun baya sadaka ne. Aljihun gefe tayi ne. Aljihun gaban riga, wanda bakinsa ke kallon sama, roƙo ne kake yi a taimaka a rage maka kaya. Jakar goyo kuwa kanti ne ka buɗe, ka juya masa baya, ka kama kallon taga. Wasu za su ce ka sa a safa. Na gwada da wata tsohuwar takarda, kafin in kai bakin titi tawada ta narke, na dawo da kalmomin ƙauna a tafin ƙafa.

Mafita ɗaya ce: aljihun sirri a cikin shafin kwat, gefen hagu, daidai kan zuciya. Wannan sai tela.

Nawa telan ƙanin mahaifiyata ne, a ɗakin bayan shagonsa nake kwana. Shago ne siriri kamar lungu, keke biyu, teburin yanka ɗaya, tef ɗin awo a wuyan mai shi ko da abinci yake ci. Aikinsa rage tsawon wando da sauya zif, kuma ya ce daga zif ɗin mutum yake gane halinsa. Shi na miƙa wa wasiƙar a cikin ambulan, ya sa ta tsakanin shafi da kwat, sai muka yi musun da ka ji a farko.

Ka lura da kyau, a nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Tela zai so ya bar maka gefe ɗaya a buɗe, don haka ya gada. Kada ka yarda. Ka tambaye shi, hannun ɓarawo ta ina yake shiga? Ta gefen da aka bari. To me zai sa a bari? Da na yi wa Kawu wannan tambaya sai ya sake gyara tabarau, ya yi ɗinki biyu-biyu a kowane gefe da zaren da yake ɗinke jakar fata. Na ɗauka hujjata ce ta kashe masa baki.

Mataki na 4: Ka yi wa ɓarawo tanadin abin ɗauka

Ɓarawo ma ɗan Adam ne, da safe ya fito nema. In ya laluba ka bai samu komai ba, zai ƙara lalube, har ya kai inda ba ka so. Saboda haka ka ba shi abin da zai tafi da shi yana murna: walat ɗin ƙarya, a aljihun baya, kansa a ɗan leƙe kamar yana gaida jama'a.

Sharaɗi ɗaya, ya yi ƙiba. Walat marar ƙiba ko ɓarawo raina shi yake yi. Kada ka cika shi da jarida, jarida tana da ƙara, gwanin sane daga taɓawa zai gane. Takarda kake so wadda ta sha hannu, ta yi laushi, ta sha ninki da warwarewa, ta ɗan sha gumi, in da hali har da hawaye.

Na duba ɗakina, sai ga su a ƙarƙashin katifa. Wasiƙar da ke cikin kwat ai ita ce ta goma sha biyu. Goma sha ɗayan da suka gabace ta suna nan, waɗanda na rubuta na soke, na sake rubutawa na sake sokewa. Na ninke su tsaf na cusa. Don walat ɗin ya tsaya da kyau, na ƙara da wata ambulan da ta lalace, wadda na rubuta adireshin kantin maganin a kanta, na zana fure a gefe ya fito kamar kabeji.

Mai ilimi ba ya zubar da takarda. Ka riƙe wannan.

Mataki na 5: Ka ɗauki hannunka a matsayin maƙiyi

A bakin kowace tasha akwai allon da ke cewa a yi hattara da 'yan sane. Ka san wa ya fi kowa son allon nan? Ɗan sane. Ƙarƙashinsa yake tsayawa. Duk wanda ya karanta sai hannunsa ya zabura ya dafa inda dukiyarsa take, shi kuwa yana gefe yana haddacewa.

Mu namu ya fi na kowa muni, don mu ko babu allo hannunmu na zuwa ƙirji. Ka gaisa da mutum, hannu ya tafi ƙirji. A ce ina gida, ƙirji. Ina aiki, ƙirji. Ya muka ji da sanyi, ƙirji. Gaisuwa ɗaya ta kirki, ka nuna wa ɓarayin tasha maɓoyarka sau bakwai.

Ranar Litinin ɗin ina shiga ƙofar tasha na ci karo da Direba, aminin Kawu, mutumin da gaisuwarsa ba ta ƙarewa sai an ja shi.

"A'a, ɗan gidan Tela! Ina wuni? Ina karatu?"

Na manne hannuwana a cinya, na sunkuyar da kai kamar sanda ta karye. "Lafiya lau."

"Ina Kawun naka? Kai, lafiya kuwa? Kawo hannun mana."

"Hannun yana nan a wurinsa, Baba."

Kafin magariba labari ya isa shago cewa yaron nan ko dai boko ya hau masa kai, ko shanyewar ɓarin jiki ce ke shigarsa, a gaggauta. Kada wannan ya dame ka. Mutunci yana dawowa, wasiƙa ba ta dawowa.

Mataki na 6: Ka zargi kowa

Daga ƙofar tasha zuwa inda Mai Magani ke jiran jirginta, sai ka bi wani dogon zaure na ƙarƙashin ƙasa, kafaɗa na gugar kafaɗa, numfashin wani a ƙeyarka. A nan kada ka bar kowa ba ka tuhume shi ba.

Mai goyo? Wa ya ce maka jariri ne a ciki? Makaho? Ka taɓa duba idonsa? Akwai wata tsohuwa da lema a hammata da jakar albasa, wadda ta manne mini tun daga farkon zauren. Na sakar mata fuskar Mataki na 2 gaba ɗayanta. Ta dube ni, ta buɗe jaka, ta miƙo mini alewa. Na ƙi karɓa. Irinsu ne manyan.

Mutum ɗaya ne kawai na sassauta wa, shi ma da dalili. Wani dattijo ne mai furfura a gefen kunne, kwat ɗinsa ta fi tawa sau goma, ga taswira a buɗe a hannunsa. Ya tsayar da ni cikin ladabi, ya tambaye ni hanyar gidan tarihi. Ni! Ɗan'uwa, shekara biyu ina garin nan, kullum ni ke tambaya ana nuna mini da haɓa. Yau ga wani ya dube ni ya ga ɗan gari. Idona ya kawo ruwa. Na ɗaga hannu biyu sama na shiga kwatance, dama, hagu, ka wuce gada, har na ƙara masa da tarihin gadar, wanda na karanta. Ya saurara kamar ɗalibi. Da na gama ya dafa kafaɗata, ya gode, ya shige cikin mutane.

Har yanzu akwai mutanen kirki a duniya.

Mataki na 7: In ka ji bayanka ya yi sakayau, ka yi murna

A kan matakalar nan mai tafiya da kanta na ji iska na shiga inda ba ta saba shiga ba. Na shafa baya. Wayam.

Na shafa ƙirji a sace. Tana nan, tana ƙara a hankali kamar tana yi mini barka.

Dariya ta kuɓuce mini har mutane suka waiwayo. Ashe dattijon nan mai taswira ne! Ina hango shi a wani lungu ya buɗe walat, ya jiƙa yatsa da miyau, sai ga "Ya ke hasken idanuna" sau goma sha ɗaya. Ba ya ma jin Hausa, balle ya ƙaru. Ka ga ɓarawo ya yi aikin banza, ni kuwa na isa inda za ni da dukiyata cif. Wannan shi ake kira ilimi. In da a nan labarin ya tsaya, da yanzu ana gayyata ta ina koyarwa.

Mataki na 8: Ka isar da amana

Tana tsaye kusa da agogon tasha, farar rigar aiki a ninke a hannunta, mayafinta ruwan toka. Na kutsa cikin jama'a na tsaya a gabanta.

"Mai Mura! Yau kuma a nan? Kantin ai mun rufe."

"Ba magani ba ne. Saƙo na kawo miki."

"Daga wa?"

"Yana zuwa."

Na sa hannu cikin kwat. Na laluba sama, ɗinki. Na laluba ƙasa, ɗinki. Dama, hagu. Ɗan'uwa, Kawu tela ne. Duk wanda ya ce maka Kawu ba tela ba ne, ka turo shi wurina. Na sa farce, farce ya karye. Na ja, kwat ta biyo ni gaba ɗayanta.

"Lafiya? Ƙaiƙayi ne? Ai ka sayi man ƙurji makon jiya."

"Ba ki da almakashi?"

"A tasha?"

"Ko reza. Ko ɗan abin yanke farce."

"Mai Mura, kana ba ni tsoro."

Allon sama ya nuna saura minti ɗaya. Na tuɓe kwat, na juya cikinta waje, na kafa haƙori. Wani mai gadin tasha ya taho a hankali ya tsaya, hannu a baya, yana kallon mutum na cin rigarsa. Jirgi ya shigo da gudu, jama'a suka yunƙura. Sai dabara ta ƙarshe ta zo mini, na miƙa mata kwat ɗin da hannu biyu.

"Karɓi. Ki tafi da ita."

"In yi me da ita? Ga miyau a jiki."

Turmutsutsu ya ɗauke ta ya shigar. Ƙofa ta rufe. Ta cikin gilashi na ga ta ɗaga hannu, ban sani ba ko sallama ce ko tambaya ce take yi ko a kira mini asibiti.

Amma ka lura, kuma ka yi adalci: ba a sace wasiƙar ba.

Mataki na 9: Ka san inda ɓarawo ke zubar da ɓawo

Na dawo gida na kwanta, fuska a bango. Kawu ya leƙo da almakashi. "Kawo in farke, minti ɗaya ne. Gobe ka kai mata kanti."

"Da wace fuska, Kawu? Ta ga ina cin kwat. Bar ta a ciki, kabarinta ke nan."

"Kai ka sani. Ni dai na ce uku."

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Na rataye kwat a ƙusa ina kallonta, ina ƙirga kwanakin da suka rage wa Asabar, ina hango likitan haƙori yana wanke motarsa.

Ga ilimin da ya kamata in sa maka tun a Mataki na 4. Ɗan sanen garin nan ba ya yawo da walat ɗin mutane, don shaida ce a kansa. Ya kwashe abin ciki, ya jefa ɓawon a akwatin wasiƙu na bakin titi. Ma'aikatan gidan waya kuwa, in sun tsinci walat, sai su duba ko da adireshi a ciki, su aika wa mai shi. Na san wannan. Na karanta shi, har na ja masa layi da jan biro. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, adireshin wa ke cikin nawa?

Ranar Alhamis da la'asar ina zaune a shago ina tsince wa Kawu zare daga ƙafar wando, ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Mataki na 10: In asiri ya tonu, ka zauna da kyau

"Salamu alaikum. Kawu, sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam, 'yata. Wando ne ko zif?"

"Tsintuwa na kawo." Ta ajiye walat ɗina a kan teburin yanka. "Gidan waya suka kai mana kanti. Babu sunan mai shi, amma na san mutum ɗaya tak a garin nan da zai rubuta wa mace cewa muryarta ta fi maganin tari sanyaya ƙirji. Shagon Kawunsa kuwa duk Bahaushen garin nan ya san shi."

Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar mutane ba ta tsagewa don baƙo.

Kawu ya kashe keke. Ya jawo mata kujera. Ya gyara zama kamar mai jiran labarai.

Ta zaro takardun. Ta ma sa musu lamba da fensir. "Ta biyu, ka ce idanuna kamar fitilun jirgin da ke fitowa daga rami. Na gode. Ta shida, shafi uku kana magana da farin wata, ba ka ko ambace ni ba sai a ƙarshe. Ta tara ta fi ba ni tausayi. Ka ce in na ƙi ka za ka bi duniya, sai ka soke, ka rubuta a sama, bayan jarrabawa."

Kawu ya kifa kai a kan keke, kafaɗunsa na rawa.

"Wannan kuma," ta ɗaga ambulan, "kabeji ne?"

"Fure ne."

"Allah sarki."

Sai ta ajiye ambulan. Ta zaro wata 'yar guntuwa daga tsakiya, wadda na yar tun farko don na ga ba ta da adabi ko kaɗan. Muryarta ta sauka. "Ta huɗu ce kawai na karanta sau biyu." Ta karanta: "Murar ta warke tun makon farko. Ke nake zuwa gani."

Kawu ya ɗago kai daga keke.

"Ai na sani," in ji ta. "Mai mura ba ya sayen filasta. Jira nake ka faɗa, har wata takwas, sai da ɓarawo ya tausaya maka. Saƙon ranar Litinin fa?"

Na nuna ƙusa. Kawu ya miƙe da almakashi, ido na ƙyalli.

"Shafi nawa ne?" ta tambaya.

"Tara."

"Kawu, don Allah a bar ta a ciki."

Na tattara abin da ya rage mini na numfashi. "To... Asabar ɗin?"

"Tafiya tana nan. Aiki ne mai kyau, ba zan bar shi don kabeji ba." Ta sa ta huɗun a jakarta, ta tura mini sauran goman. "Likitan nan dai sau biyu yana zuwa gaida Yaya, da ƙafarsa, da bakinsa. Ban ce komai ba tukuna. Jirgi kuwa kowace awa yana tashi. Sai dai an ce tashar akwai cunkoso, ga 'yan sane." Ta juya wurin Kawu. "A tashi lafiya, Kawu."

Ƙararrawar ƙofa ta sake ƙara. Kawu ya bi ta da kallo, ya dawo da kallon kaina, ya ce, "Ɓarawon nan, in ka gan shi, ka ce ya kawo wandonsa in rage masa kyauta."

Gargaɗi, don kada gobe a ce ban faɗa ba

Marubucin wannan jagora ya cika alkawarinsa: abin da aka ɓoye ba a sace shi ba. Duk abin da ya biyo baya, ba ruwansa. In ka bi matakan nan farcenka ya karye, ko haƙorinka ya yi girgiɗi, ko mai gadin tasha ya rubuta kamanninka, ko aminin kawunka ya baza cewa jikinka ya shanye, kai ka jiyo. In naka ɓarawon ya jefa walat a kwata maimakon akwatin wasiƙu, tsakaninku ne, ni ban san shi ba. In kuma ya isa hannun wadda aka rubuta dominta ta karanta a gaban manyanka, kada ka neme ni, kada ka nemi Kawu, shi tun farko ya ce uku. Ba a mayar da shawara bayan an karɓa.

Na ajiye biro a nan ke nan, Kawu ya leƙo ta kafaɗata, tef a wuya, ya ce, "Ka gama koya wa duniya? To kai me ka yanke?"

Na miƙe, na sauko da kwat daga ƙusa, na shimfiɗa ta a kan teburin yanka. Na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har wanda ke gwada wando a bayan labule ya leƙo.

"Kawu, ɗinka mini wani aljihun a gefen dama, na tikiti. Gefe uku. Ranar Lahadi zan shiga jirgin farko in je in gaida Yayanta, kuma ba zan riƙe takarda ko ɗaya ba."